Yadda Za Ka Karanta Takardar Albashinka a Saudiyya, Ka Gane Abin da Aka Yanka da Dalilin Yankawa

Ranar wata Alhamis bayan sallar isha'i, muna fitowa daga masallacin unguwarmu a Jidda, ɗan ƙanwata ya biyo ni har bakin mota yana miƙo mini waya. Direba ne a wani kamfanin rarraba kayan abinci, watansa bakwai da zuwa daga Kano. Saƙon banki ne a buɗe, riyal 2,650 sun shiga asusunsa. A kwantiraginsa kuwa 3,000 aka rubuta.

Ya ce, "Kawu, ba watan da ba a taɓa kuɗin nan. Na tambayi mai biyanmu, ya ce wai haraji ne."

Na ce, "Harajin wa, ɗana? Je ka gobe ka ce a ba ka takardar albashin a rubuce, ka kawo mini."

Na daɗe ina aikin lissafi a ƙasar nan, kuma wannan amsa ta "haraji ne" na ji ta ba adadi. Tana shiga kunnen mutanenmu ne saboda a gida mun saba. Ma'aikaci a Najeriya ya san kafin albashi ya iso hannunsa an cire harajin albashi na PAYE, an cire kashi 8 cikin ɗari na fansho, don haka in ya zo nan ya ga gibi sai ya ce to, ai gwamnati ce, ya yi shiru. A nan ne kuskuren yake farawa.

Fara da sanin cewa babu harajin albashi

Gwamnatin Saudiyya ba ta karɓar haraji daga albashin ma'aikaci, ɗan ƙasa ne ko mai iƙama (katin izinin zama na baƙo), albashinsa riyal dubu ɗaya ne ko dubu ɗari. Hukumar zakka da haraji da kwastan, wadda ake kira ZATCA, hulɗarta da kamfanoni ce da 'yan kasuwa. Saboda haka duk abin da ya ragu a albashinka dole yana da wani suna, kuma dole sunan nan yana da gurbi a doka. In aka ce maka "dariba", wato haraji da Larabci, ka nemi a nuna maka wace ce.

Tattara abubuwa huɗu kafin ka buɗe baki

Kada ka je ofis da zafin rai da saƙon banki kaɗai. Na farko, kwantiraginka da ke Qiwa, manhajar gwamnati ta harkokin ƙwadago. Shi ne wanda hukuma ta sani, ba takardar da ejan ya ba ka a gida ba. Ka shiga da lambar iƙamarka ka sauke shi a waya. Na biyu, takardar albashi ta watan, wadda a nan ake ce wa kashfur ratib. Wasu kamfanoni suna turowa ta imel, wasu sai ka nema, wasu kuma sai ka matsa. Na uku, bayanin shige da ficen asusunka na banki, na aƙalla wata shida. Na huɗu, wanda mutane suka fi mantawa, shi ne bayananka a hukumar inshorar ma'aikata, GOSI, wadda kowa ke kira ta'aminat. A manhajarsu za ka ga albashin da kamfani ya yi maka rajista da shi.

Ka jera su huɗun a gabanka. Ya kamata su yi magana da baki ɗaya. Inda ɗaya ya saɓa wa sauran, nan za ka tsaya, don ruwa ba ya tsami banza.

Rarrabe tushen albashi da alawus

Albashi a nan ba dunƙule yake ba. Akwai tushe, wanda ake kira asasi. Akwai kuɗin gida, badal sakan, wanda kamfanoni da yawa ke sawa kashi 25 cikin ɗari na tushe. Akwai kuɗin mota, wani wurin da kuɗin abinci ko na waya. Na ɗan ƙanwata haka yake: tushe 2,000, gida 500, mota 200, abinci 300, jimla 3,000.

Wannan rarrabewa ba ado ba ce. Kuɗin ta'aminat a kan tushe da kuɗin gida kawai ake lissafa shi. Ƙarin da ake yi wa awoyin aiki bayan lokaci da tushe yake tafiya. Mutum biyu za su iya karɓar 3,000 kowanne, amma mai tushe 2,400 ya fi mai tushe 1,500 riba a ƙarin awoyi, ko da a ƙarshen wata saƙon banki iri ɗaya suke gani. Shi ya sa nake ce wa masu shirin sa hannu a sabon kwantiragi su dubi tushe tukuna kafin jimla ta ruɗe su.

Ta'aminat: tambayar farko ita ce, kai ɗan ƙasa ne ko mai iƙama?

A nan zan ɗan daɗe, don Hausawan Saudiyya kashi biyu ne a wannan magana. Akwai 'yan'uwanmu da kakanninsu suka zo aikin hajji tun a ƙafa da raƙuma ta Sudan, suka zauna a Makka da Madina da Jidda, jikokinsu yau 'yan ƙasa ne masu katin hawiyya. Akwai kuma mu da muke zaune da iƙama. Muna iya zama a teburi ɗaya a ofis, mu ci shinkafa a faranti ɗaya da rana, amma takardun albashinmu ba iri ɗaya ba ne.

In kai mai iƙama ne, lissafinka gajere ne: ba a cire maka ko halala ɗaya na ta'aminat. Abin da ake biya a kanka shi ne kashi 2 cikin ɗari na inshorar haɗarin aiki, kuma kamfani ne ke biyansa gaba ɗaya daga aljihunsa. A da baƙi ma suna cikin tsarin fansho, amma an cire su tun 1987, shi ya sa za ka ji wasu dattawan da suka yi aiki a shekarun 1970 suna ba da labarin an taɓa yankar musu. Wannan zamani ya wuce. Da takardar ɗan ƙanwata ta zo, layin farko da idona ya faɗa a kai shi ne "ta'aminat 50". Kashi 2 cikin ɗari na 2,500 ke nan daidai, wato tushe da kuɗin gida. Kamfani ya ɗauki nauyin da doka ta aza masa ya sauke a wuyan yaro.

In kuwa kai ɗan ƙasa ne a kamfani mai zaman kansa, to kai ana cire maka, kuma bisa doka. Abu biyu ne. Kashi 9 cikin ɗari na fansho, sai kashi 0.75 na Sanid, wato inshorar da ke tallafa wa wanda ya rasa aiki ba da laifinsa ba. An fara Sanid a 2014 da kashi 1, aka rage shi zuwa 0.75 daga farkon 2022. Jimla 9.75 ke nan. Kamfani shi ma yana zuba 9 da 0.75 nasa, ya ƙara 2 na haɗarin aiki, nasa ya kama 11.75.

Bari mu buga da lambobi. A ce tushenka 6,000, gida 1,500, mota 600, jimla 8,100. Ka haɗa tushe da gida: 7,500. Kashi 9 na wannan 675 ne. Kashi 0.75 kuma 56.25. Abin da za a cire 731.25, abin da zai shiga banki 7,368.75. Kamfani zai ƙara 881.25 a kanka wanda ba za ka gan shi a hannu ba, amma yana can a rubuce da sunanka.

Yanzu ka lura da inda ake zamewa. In mai lissafi ya buga 9.75 a kan jimlar 8,100 gaba ɗaya, har da kuɗin mota, zai cire maka 789.75. Bambancin 58.50 ne a wata, abin da mutum zai ce bai kai a yi magana ba. A shekara 702 ne. In kuma a ta'aminat da 7,500 aka yi maka rajista, to wannan rarar ba ta je can ba, a kamfani ta tsaya.

Akwai kuma rufi. Ba a lissafa ta'aminat a kan abin da ya haura riyal 45,000 a wata, komai girman albashi. Wannan bai dami yawancinmu ba, Allah Ya kai mu inda zai dame mu.

Sai sabon tsari. Tun ranar 3 ga Yuli 2024 aka fara aiki da sabuwar dokar ta'aminat, wadda ta shafi 'yan ƙasa da suka fara aiki daga wannan rana ba tare da sun taɓa zuba ko sisi a tsarin fansho a baya ba. Su kason fanshonsu yana hawa da rabin kashi duk shekara a watan Yuli: 9.5 a 2025, 10 a 2026, 10.5 a 2027, ya tsaya a 11 a 2028, kuma na kamfani yana hawa tare. A misalinmu na 7,500, kowane hawa ƙarin riyal 37.50 ne a wata. To in ƙaninka da ya gama jami'a ya fara aiki kwanan nan ya ga albashinsa na Yuli ya ɗan ragu, kai kuma naka bai motsa ba, ba cutarsa aka yi ba. Ku biyun ba a tsari ɗaya kuke ba.

Abu na ƙarshe a nan ya shafi kowa, ɗan ƙasa da baƙo. Wasu kamfanoni suna yi wa ma'aikaci rajista da albashin da bai kai na gaskiya ba don su rage abin da suke zubawa. Ɗan ƙasa wani lokaci har murna yake yi, tunda abin da ake cire masa ya ragu. Ranar da zai yi ritaya ne zai gane, don da albashin da ke rubuce ake lissafa fansho. Mai iƙama kuma ranar da ƙarfe ya faɗo masa a ƙafa a wurin gini, diyyar da ta'aminat za ta biya da wancan ƙaramin adadi za a auna ta.

Kuɗaɗen da ba naka ba ne ka biya

Layi na biyu a takardar yaron nan cewa ya yi "rusum iƙama 200". Ana tara masa kuɗin sabunta iƙama kaɗan-kaɗan daga albashinsa, kamar adashe.

Sashe na 40 na dokar ƙwadago ta Saudiyya bai bar wurin gardama ba. Kuɗin kawo ma'aikaci daga ƙasarsa, kuɗin iƙama da lasisin aiki da sabunta su, tarar da ke biyo baya in an makara wajen sabuntawa, kuɗin canza sana'a a iƙama, bizar fita da dawowa, da tikitin komawa gida in kwantiragi ya ƙare, duk a kan mai aiki suke. Kuɗin canjin kafili kuma, wato mai aikin da iƙamarka ke ƙarƙashinsa, a kan sabon kamfanin da ya ɗauke ka yake. Wancan babban kuɗi da gwamnati ke karɓa a kan kowane baƙon ma'aikaci, riyal 700 ko 800 a wata gwargwadon yawan 'yan ƙasa a kamfanin, shi ma na kamfani ne. Haka inshorar lafiya: kamfani ke sayen ta, abin da ke kanka shi ne ɗan kason da kake biya a asibiti ranar da ka je ganin likita.

Ga wurare biyu da za ka biya da kanka ba tare da an zalunce ka ba. In kai ka nemi bizar fita da dawowa da hannunka ta manhajar gwamnati ta Absher, kai za ka biya kuɗinta. In kuma ka ajiye aiki ka ce gida za ka ba tare da dalilin da doka ta yarda da shi ba, tikiti na kanka.

Wani zai ce, "Ai mun yi yarjejeniya da kafili tun farko cewa ni zan riƙa biyan iƙama." Na san ana yi, musamman masu abin da ake kira biza hurra, waɗanda suka sayi biza suna aikin kansu suna kai wa kafili wani abu duk wata. Gaskiyar magana, wannan tsari ba ya cikin doka, kuma wanda ke cikinsa ba shi da takardar albashin da za mu karanta. Amma ga wanda ke aiki a kamfanin da ya kawo shi, sharaɗin da ya saɓa wa doka ba ya zama halal don an sa hannu a kai.

Abin da doka ta yarda a yanka, da iyakar kowanne

Ƙa'idar da ke sashe na 92 ita ce ba a taɓa albashin ma'aikaci don wani haƙƙi na ƙashin kai sai da yardarsa a rubuce, in ban da wasu abubuwa ƙidayayyu. Ga waɗanda za ka fi cin karo da su, a ma'aunin mai 3,000.

Bashin da kamfani ya ba ka, sulfa, ana cire shi, amma kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na albashi a wata. Riyal 300 ke nan. In ka ranci 2,400 don aika wa gida kuɗin asibiti, wata takwas za a yi ana cirewa, ba a kwashe a wata biyu ba, sai in kai ka nemi haka.

Tara saboda laifin aiki. Tarar laifi ɗaya ba ta wuce albashin kwana biyar, kuma duk yawan tarar da ta taru a kanka ba a cire fiye da na kwana biyar a wata guda. Ga mai 3,000, yini riyal 100 ne in an raba da 30, kwana biyar 500. Ba a kuma yanke tara daga sama. Sai an sanar da kai laifin a rubuce, an saurari ta bakinka, an rubuta. Ƙaramin laifi ne kawai, wanda hukuncinsa bai wuce gargaɗi ko albashin yini ɗaya ba, ake iya tambayar mutum da baki, shi ma sai an rubuta cewa an yi. Laifin da aka gano aka yi shiru har kwana 30 suka wuce, ba a dawowa a tuhume ka da shi. Wani abu da mutane kaɗan suka sani: kuɗin tara ba ribar kamfani ba ne. Doka ta ce a rubuta su a littafi na musamman, a kashe su a abin da zai amfani ma'aikata.

Ɓarna. In ka lalata kayan aiki ta sakacinka ko ta saɓa umarni, ana iya cire kuɗin gyara, shi ma kada ya wuce albashin kwana biyar a wata. Direbobi su ne wannan ya fi ci. Mota ta samu matsala saboda tsufa ko laifin wani, sai a ce direba ya biya. In laifin wani ne, ko abin da ya fi ƙarfin mutum, ba a kanka yake ba, don haka in an yi haɗari kada ka bar wurin sai ka samu rahoton Najm, kamfanin da ke duba haɗarin mota, ko na 'yan sandan hanya, wanda ke nuna kason laifin kowa.

Bashin da kotu ta yanke hukunci a kai ana cire har rubu'in albashi, sai in hukuncin ya faɗi wani adadi dabam. Kuɗin ciyar da iyali shi ake fara biya kafin sauran basussuka.

A saman duk waɗannan akwai sashe na 93: in an haɗa komai da komai, abin da aka cire kada ya haura rabin albashi, sai in kotun ƙwadago ce ta ga dalili.

Rashin zuwa, jinya, da ƙarin awoyi

Layi na uku a takardar ɗan ƙanwata shi ne "giyab 100", wato rashin zuwa aiki. Na ɗaga kai na dube shi. Ya sosa ƙeya ya ce, "Kawu, ranar da Hajiya ta zo Umara ne, na tafi Makka ban faɗa wa kowa ba." Na ce, "To wannan kam naka ne, ka ci kuɗinka a hanyar Makka." Ranar da ba ka zo ba babu izini, babu albashinta, kuma dokar cikin gida ta kamfani tana iya ƙara maka hukunci a kai. Abin da za ka duba kawai shi ne adadin kwanakin ya yi daidai da na na'urar danna yatsa, kuma ba a lissafa maka ranar hutunka ta mako a matsayin fashi ba.

Jinya tana da matakai a cikin shekara guda: kwana 30 na farko cikakken albashi, kwana 60 na gaba kashi uku cikin huɗu, kwana 30 na bayansu babu biya. Mai 3,000 da ya shiga wata na biyu a kwance zai ga 2,250, kuma daidai ne. Sharaɗin shi ne rahoton likita ya isa kamfani. Rauni a wurin aiki kuwa ba a sa shi a wannan ma'auni, hanyarsa ta ta'aminat ce, don haka ka tabbata an kai rahotonsa a matsayin raunin aiki tun ranar farko.

Ƙarin awoyi ba yanka ba ne, amma a nan ake rage wa mutane kuɗi ba tare da wani layi ya nuna ba. Aikin yini awa 8 ne, mako awa 48, a Ramadan kuma awa 6 ga Musulmi, 36 a mako. Abin da ya haura, sashe na 107 ya ce a biya kuɗin awa cikakke, a ƙara rabin kuɗin awa na tushe. Mai 3,000, awarsa 12.50 ce in ka raba da 240. Awar tushensa na 2,000 kuwa 8.33, rabinta 4.17. Kowace awa ta ƙari 16.67 ke nan, awa 20 su kama wajen 333. Kamfanoni da yawa sai su ɗauki awar tushe kaɗai su ninka da ɗaya da rabi, ta ba su 12.50, awa 20 su zama 250. Riyal 83 sun ɓace, takarda kuma tsaf take ba tabo.

Abin da ke cin albashi bayan ya fito

Akwai kuɗaɗen da mutane ke kira haraji, kuma suna da gaskiya ta wani ɓangare, sai dai ba a takardar albashi suke ba. Harajin saye da sayarwa ya fara da kashi 5 cikin ɗari a Janairun 2018, ya koma 15 a Yulin 2020, kana biyansa a kanti da gidan mai da katin waya. Kuɗin murafiƙin, wato iyalin da ke ƙarƙashin iƙamarka, ya fara da riyal 100 kan kowane mutum a wata a Yulin 2017, yana hawa duk shekara har ya kai 400 a Yulin 2020. Mai mata da 'ya'ya biyu 1,200 ne a wata, 14,400 a shekara. Wannan a kanka yake, sai in kwantiraginka ya ce kamfani zai ɗauka. Shi ne ya mayar da iyalai da yawa gida, kowa a unguwa ya san gidan da aka rufe saboda shi. In kamfani ya biya maka shi lokacin sabunta iƙama yana cirewa a hankali, bashi ne, ka nemi a rubuta jimlarsa da watan da zai ƙare.

Bashin banki kuma banki ne ke cirewa daga asusu bayan albashi ya shiga. Kada ka ga ragowar kuɗi a asusu ka tafi kana faɗa da mai lissafin kamfani. Adadin da ya shigo za ka duba, ba wanda ya rage ba.

In ka tabbata an yanka ba bisa ƙa'ida ba

Ka fara da cikin gida, cikin ladabi, amma a rubuce. Saƙon imel ko takarda mai kwanan wata, ka ambaci watan, layin, adadin, da sashen dokar. Sau da yawa a nan magana ke mutuwa, don da zarar sun ga ka san lambar sashe sun san ba za ka tsaya a nan ba. Kada ka daina zuwa aiki don fushi. Fashi ba izini yana ba su damar kai rahotonka, sai ka koma mai kare kai alhali kai aka cuta.

In ba su gyara ba, sai Ma'aikatar Kula da Ma'aikata, wadda har yanzu kowa ke kira maktabul amal. Lambarsu 19911 ce, kuma ana shigar da ƙara ta intanet a sashen sulhu, taswiya wuddiyya. Ana ba sulhu kwana 21 na aiki, in bai yiwu ba a tura magana kotun ƙwadago. Ma'aikaci mai neman haƙƙinsa na aiki ba ya biyan kuɗin kotu. Sashe na 94 ya ba kotu ikon sa a mayar maka da abin da aka yanka, har ta ci kamfani tarar da za ta iya kai ninki biyu na kuɗin. In kuma albashi ne aka riƙe gaba ɗaya wata uku a jere, kana da damar komawa wani kamfani ba tare da yardar na yanzu ba. Kada dai ka yi sanyin jiki: bayan wata 12 da rabuwarku da kamfani, kotu ba ta karɓar ƙara sai da uzuri mai ƙarfi.

Hujjarka mafi ƙarfi ita ce banki. Tsarin kare albashi ya tilasta wa kamfanoni biya ta asusu, kuma hukuma tana ganin abin da ya shiga ta dandalin Mudad. Saboda haka wasu suka ɓullo da dabara: su tura cikakken albashi, sannan su ce ka ciro wani abu ka dawo da shi a hannu, ko su riƙe katin cirar kuɗinka. Wanda ya yarda da wannan ya goge hujjarsa da hannunsa, don a idon hukuma an biya shi cif.

'Yan'uwanmu mata masu aikin gida, da direbobin gida da masu gadi na gida, su ba wannan doka ce ke tafiyar da su ba. Suna da tasu dabam, kwantiraginsu a dandalin Musaned yake, can ne kuma za su duba albashin da aka rubuta su kai kuka. Ba a cire musu ta'aminat, ba a cire musu haraji, kuɗin iƙama kuma na mai gida ne.

Shi ɗan ƙanwata, tare muka rubuta takardarsa a teburin falona, shi yana faɗa da Hausa ina mayarwa Larabci. Layi biyu muka nema, ta'aminat 50 da iƙama 200, na wata bakwai, riyal 1,750. Na giyab ba mu taɓa shi ba. Bayan mako biyu aka kira shi ofis aka miƙo masa wata takarda aka ce ya sa hannu a ba shi kuɗin. Ya ɗauki hotonta ya turo mini kafin ya taɓa biro. A samanta an rubuta "mukhalasa niha'iyya", irin wadda ake sa wa hannu in an rabu, mai cewa mutum ya karɓi dukkan haƙƙoƙinsa ba ya bin kamfani komai. Na kira shi na ce ya mayar musu, ya ce rasit yake so mai adadin 1,750 da sunayen watanni bakwai ɗin, ba ƙari. Suka sake bugawa. Albashin watan da ya biyo baya ya shiga 3,000, ragowar kuma ta zo a tura ta biyu washegari da azahar.